Ranar da Aka Raba Mu a Bakin Ruwa

Damina ta yi nisa lokacin da muka bar jihar Katsina, ni da matata da 'ya'yanmu biyu: yarinya da ba ta isa shiga makaranta ba, da jariri namiji da ke goye. Na samu aiki a wani gidan rediyo a Haɗeja, kuma wannan ne dalilin da na faɗa wa dangi. Dalili na biyu kowa ya san shi, shi ya sa ba a tsaya faɗarsa ba. A unguwarmu da ke gefen gari an daina zaman ƙofar gida, kuma a wurin aiki ni nake karanta labaran safe, wato ni nake sanar da jama'a hanyar da aka tare jiya da ƙauyen da aka shiga aka kwashi mutane. Wanda ya daɗe yana wannan aiki yakan koyi wani irin sauraro. Idan mutum yana magana ina jin abin da ya faɗa, ina kuma neman abin da ya tsallake.

Manyan kaya mun sayar, wasu mun bar wa ƙanwata. Abin da ya rage bai fi cikin bas ɗaya ba: katifu, akwatuna, tukwane da kwanuka a buhu, keken ɗinkin matata, da buhun masara da surukina ya ce lallai sai mun tafi da shi, wai mutanen can shinkafa kawai suka sani. Motar da ta ɗauko mu daga gida a Kano ta tsaya. A tasha na ɗauki shatar wata bas mai zuwa Haɗeja, aka kwantar da kujerun baya aka loda kayan.

Direban siririn mutum ne mai furfura a gemu, da hula zanna a gefen kai. Yana ɗaure katifa a saman mota ya leƙo ya ce, "Malam, daga ina aka yi ƙaura haka?"

Na ce daga Katsina.

Ya saki igiyar ya tafa hannu. "Allahu Akbar! Ashe bayina na ɗauko. Da ka faɗa tun farko, ai da nan sama zan ɗaure ka tare da katifa."

Na san wasan. Bakatsine da Bahaɗeje abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma ba a fushi. Abin da ya kamata in yi shi ne in mayar masa, in ce bawa ne ke ɗaure kayan ubangijinsa, a yi dariya a wuce. Amma inda na fito, maganar ɗaure mutum ta daina zama abin dariya. Na yi masa murmushi kawai, na shiga gaba na zauna, matata da yara suna bayana.

Mun wuce Gezawa kaɗan ya ɗauki waya. Na juya kai ina kallon gonakin gero kamar ba na ji.

"E, na taso. Katsinawa na kamo muku. Miji da mata da yara biyu, ɗaya na goye. Akwai kaya, har da keken ɗinki." Ya saurara. "A'a, ba su sani ba tukuna. Ka dai shirya."

Ya ajiye wayar a cinya ya ci gaba da tuƙi yana 'yar waƙarsa. Na ɗaga ido na dubi madubin tsakiya, sai na ga matata ma madubin take kallo. Ta jawo yarinyar kusa da ita.

Na tambaye shi, cikin muryar da nake yi wa baƙo tambaya a shirin hira, wa ya kira.

"Ɗan'uwana."

"Me ne ne ba mu sani ba?"

"Malam, Bakatsine akwai garaje. Bari mu isa ka gani da idonka."

Amsar ba ta ƙara mini komai ba, sai dai ta tabbatar da cewa akwai abin da za a gani. Na fara lissafi a zuci. A tasha na same shi, a kan layi, mutane suna gaisawa da shi da sunansa. Wannan alama ce mai kyau. Amma labarai da yawa da na karanta wa jama'a da direban da aka sani suka fara. Ya yi maganar a gabana da ƙarfi, mai mugun nufi ba zai yi haka ba. Sai dai mai mugun nufi da ya san akwai wasa tsakaninmu zai iya faɗin komai a gabana, tunda wasan ya rufe masa. Duk hujjar da na kafa sai in ga tana da baya.

Bayan Gujungu ƙasa ta fara sauyawa. Gero ya ragu, sai shimfiɗaɗɗen fili, shinkafa kore shar a wasu wurare, a wasu kuma ruwa ne kwance yana ƙyalli, kan shinkafar ne kawai a waje. Balbelu sun yi fari a kan itatuwa. A wani ƙauye na ga mutane sun jera buhunan ƙasa a bayan gidajensu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne motocin da ke tahowa daga gaba sun yi ƙaranci, har suka ɗauke. A hanyoyinmu na can, idan motoci suka daina tahowa, direba yakan tsaya ya juya ba tare da ya tambayi kowa ba.

Shi bai tsaya ba. Ya rage gudu kusa da wani mai babur da ke gefen titi, suka yi magana ta taga da sauri, mai babur ɗin ya nuna dama da haɓa, ya leƙa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Can gaba kaɗan direban ya sauka daga kwalta ya hau wani burji da ya ratsa tsakanin gonaki.

"Ina za mu?"

"Haɗeja."

"Haɗeja a kan kwalta take."

"Kwaltar ce ba ta nan. Ruwa ya cinye kwalbati a gaba, ya tafi da titin. Mota ba ta wucewa. Nan za mu bi zuwa bakin ruwa, ku haye a jirgi. Ɗan'uwana yana can ƙetare da tasa motar, shi zai ƙarasa da ku. Ni kuma in kwaso nasa fasinjan in koma Kano. Haka muke yi tun da ruwan ya zo."

"Me ya hana ka faɗa mini a tasha?"

"Da na faɗa da ka hau?"

Gaskiya ya faɗa, da ban hau ba. Amma mutumin da ya amsa cewa ya ɓoye maka abu ɗaya don ka shiga motarsa bai ba ka dalilin yarda da sauran maganarsa ba. Na ce ai akwai hanya ta Gumel a ɓullo ta Malam Madori. Ya ce can ma ruwa ya hau titi, kuma ko da bai hau ba sai duhu ya same mu. Na duba wayata don in tambayi wanda ya sama mini gidan haya a Haɗeja. Babu sabis.

Daga bayana matata ta ce, a hankali, "Malam, yarinyar nan tana jin fitsari."

Na san ba fitsari ba ne. So take a tsaya mu yi magana. Direban ya ce mun kusa, ga shi can, ya nuna wasu itatuwan giginya. Bai tsaya ba.

Da muka isa, abin da na fara gani ya ɗan sassauta mini ƙirji: mutane. Mata da ƙorai da buhuna, wasu Fulani da babur, mai sayar da bandar kifi a kan tire, wata mota tana juyawa. Burjin ya gangara ya nutse cikin ruwa kamar an yanke shi. Gaba kuwa ruwa ne jajawur, faɗinsa ya wuce abin da na zata, ga dogayen ciyayi masu kama da takubba sun tsaya a cikinsa, sun fi mutum tsawo. Daga baya na san kacala ake ce musu. Ba a hango ƙetare. Jiragen kwalekwale suna ɗaure a gaɓa, wasu na fitowa daga cikin ciyawar ɗauke da mutane.

Kafin in sauko sosai wasu ƙarti sun hau saman mota sun kwance katifu. Na ce su dakata. Ba wanda ya dakata. Keken ɗinki ya wuce ta gabana a kan wani, buhun masara a kan wani, suka jera su cikin wani babban jirgi. Direban yana tsaye yana ba su umarni, a lokaci guda kuma fasinjan da suka hayo suna cusa kansu cikin motarsa.

Wani dattijo na zaune a kan wani jirgi da aka kife, da carbi a hannu da sanda a jingine. Shi ne sarkin jirgin wurin, shi ke cewa wane ya shiga nan, wance ta shiga can. Direban ya kai mu gabansa ya rusuna.

"Baba, ga kamun da na yi. Katsinawa ne, a lallaɓa su, ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na randa ba."

Aka yi dariya. Na gaishe da dattijon, ya amsa yana duban mu, ni, matata, yarinyar, goyon. Sannan ya ɗaga sanda ya nuna jirage biyu.

"Maigida can. Uwargida nan, tare da matan nan. Na goye yana wajen uwarsa, yarinyar ta bi ubanta."

Na ce, "Baba, tare muke. Iyalina ne."

"Na gani. Shi ya sa."

"Jirgi ɗaya za mu shiga."

"Ba a nan ba. Ba ma ɗaukar gida guda a jirgi guda."

Duk sassaucin da na samu ya tafi. Na san yadda ake yi a inda na fito: abu na farko shi ne a ware maza daga mata. Na sha faɗin haka a labarai da bakina. Ga kayana an riga an kwashe, ga motar da ta kawo ni tana cika da wasu, ga waya ba ta aiki, yanzu kuma ana ce mini in tsaya ina kallo a sa matata da ɗana cikin jirgi a shige da su cikin ciyawar da ba a ganin bayanta.

Na ce zan ɗauki shatar jirgi guda, mu kaɗai, in biya na kowa. Dattijon ya girgiza kai. Na juya wajen wani matuƙi da ke tsaye da doguwar gora na maimaita masa. Ya dubi dattijon, ya dube ni, ya ce, "Ko nawa ne ba zan ɗauka ba, Malam." Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Mai neman abinci da ya ƙi ƙari, na ce a raina, akwai abin da ya fi ƙarin da yake jira.

"Zauna, ɗana," in ji dattijon. Ban zauna ba. Ya ci gaba duk da haka. "Wata shekara ruwa ya zo kamar haka. Wani mutum ya taho da gidansa kaf za su biki, da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa. Jirgi ɗaya suka shiga. A tsakiya ya kife. Da aka je gidan yin gaisuwa ba a samu wanda za a yi wa ba, sai maƙwabta suka shimfiɗa tabarma. Tun daga nan iyayenmu suka ce a riƙa rabawa. In Allah ya kawo ƙaddara, a samu wanda zai rage."

"A wane gari aka yi? Wace shekara?"

Ya ɗaga kai ya dube ni sosai. "Kai ɗan sanda ne?"

"A gidan rediyo nake aiki."

"Shi ne dai. To ka je ka faɗa a rediyo cewa wani tsoho ya hana Bakatsine halaka gidansa."

Aka sake yin dariya. Daga baya, da na zauna a ƙasar, na tambayi wannan labari a wurare da dama. Kowa ya san shi, kuma kowa da garin da yake cewa a can aka yi. Har yau ban samu wanda ya ce shi ya halarci zaman makokin ba. A ranar kuwa abin da na ji kawai shi ne labarin ya zo a shirye, sumul, irin wanda aka saba faɗa wa baƙo mai gardama.

Na koma gefe da matata. Jaririn ya farka yana ƙananan kuka, gumi ya jiƙa masa wuya. Na ce mata a hankali za mu sa a sauko da kayan mu koma.

"Mu koma ina, Malam? Gidan da muka ba da makulli?"

"Ko Kano mu kwana."

Ta waiwaya. Motar da ta kawo mu ta riga ta cika, har an rufe ƙofa. Direban ya ɗago mini hannu ta taga ya ce, "Sai na zo karɓar gaisuwa, bawana!" Ya ja ya tafi, ya bar mu da hayaƙi.

Matata ta daɗe tana duban jirgin matan. Akwai wata tsohuwa a ciki, da wata mai tsohon ciki da ke dafe da ƙugu, da wasu mata da ƙorai a cinya. Ta ce, "In masu sata ne, ba za su zo da mai ciki ba."

Na buɗe baki zan ce mata na san inda aka yi amfani da mata, sai na fasa. Ba abin da wannan sani zai ƙara mata a lokacin. Ta gyara ɗaurin goyonta, ta ƙara ɗaure majanyi, ta durƙusa gaban yarinyar.

"Za ki bi Abba. Ki zauna inda ya ajiye ki, kada ki taɓa ruwa." Ta miƙe ta dube ni. "Ka riƙe mini ita da hannu biyu."

Ba ta jira amsata ba. Ta tattare zaninta ta taka cikin ruwan gaɓa, wata mata ta miƙo mata hannu ta shiga. Yarinyar ta fashe da kuka tana miƙa hannu. Na ɗauke ta na shiga nawa jirgin, wanda aka kwantar da babur a tsakiyarsa, maza suna zaune gefe da gefe. Na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina.

Da farko jiragen suna tafiya kusa da juna. Ina ganin bayan matata da kan jaririn cikin 'yar hularsa. Matuƙa suna tokara gora suna turawa, muka bi ta kan gonar wani, ina ganin kan shinkafa yana kwanciya ƙarƙashin jirgi. Sai muka shiga cikin kacala. Hanya ce aka sare a cikinta, siririya, ganyen na gogar kafaɗa. Zafi ya taru, sauro ya tashi. Jirgin matan yana gabanmu. Can hanyar ta rabu biyu, nasu ya karya dama, namu ya miƙe. Ciyawa ta rufe.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ta gefe ya jiƙa wa mutane riguna.

"Zauna! Zauna, Malam! Kashe mu za ka yi?"

Hannaye suka jawo ni ƙasa. Wani Bafulatani da ke riƙe da babur ɗin ya ce, ba tare da fushi ba, "Jirgin mata ba ya bin tsakiya. Ta gefe suke zagawa, inda gora ke taɓa ƙasa."

Na ce to me ya sa ba mu bi gefen ba mu ma.

"Babur ba ya wucewa can. Hanyar ta yi ƙunci."

Kowa a wurin nan da amsarsa a baki, kuma kowace amsa tana da ma'ana. Abin da ya dame ni ke nan. Na kira matata da ƙarfi. Ba abin da ya amsa sai wasu tsuntsaye da suka tashi fir daga cikin ciyawa.

Da muka fito daga kacala muka faɗa ainihin ruwan. Nan gora ba ta kai ƙasa, matuƙin ya ajiye ta ya ɗauki filafili. Ruwan yana gudu da ƙarfi, yana ɗauke da karan dawa da rassan itace da wata tabarma da ta naɗe. Jirgin ya daina tafiya miƙe, yana tafiya a karkace, ana tura shi gaba ruwa na jan sa gefe. Hira ta ɗauke. Wani yana kwarfe ruwa da rabin jarka, wani yana salati ƙasa-ƙasa. Tsakanin bakin jirgin da ruwan bai fi tafin hannu ba. Yarinyar ta daina kuka, ta cusa kai cikin rigata. Na riƙe ta da hannu biyu kamar yadda aka ce.

A nan ne na fahimci abin da dattijon ya yi da sandarsa. Ya dube mu mu huɗu, ya raba mu yadda duk jirgin da ya kife, za a samu babba ɗaya da yaro ɗaya a raye. Idan gaskiya yake faɗa, to ya riga ya ƙaddara rabin gidana zai iya tafiya a yau, ya kuma tsara wanda zai rage. Idan ƙarya yake, matata tana hannunsu. Na juya su duka biyun a raina ban samu wanda zan jingina da shi ba.

Mun isa ƙetare lafiya. Gaɓar tana da tudu, ga motoci da 'yan acaɓa suna jira. Wani mai ƙiba da tawul a wuya, ɗan'uwan direban nan, ya taho yana washe baki.

"Ina bayin namu? Kai ne Bakatsinen? Sannu da ruwa. Ina uwargida?"

Na ce ita nake jira. Ya ce yanzu za su fito, bari a fara loda kaya, tunda jirgin kayan ya riga mu isowa. Na ce ba wanda zai taɓa kayan sai matata ta zo. Ya dube ni, dariyar ta ragu, ya ce to, ya koma inuwar motarsa.

Na tsaya a bakin ruwa ina kallon wurin da aka nuna mini cewa ta nan jirgin mata ke ɓullowa. Jirgi ya fito, buhunan gawayi ne. Wani ya fito, maza ne da awaki. Waɗanda muka hayo tare duk suka hau babura suka watse, har Bafulatanin. Na lura ban san sunan wurin da nake tsaye ba, ban san sunan dattijon ba, lambar motar da ta kawo mu daga Kano ma rabinta na riƙe. Na fara bin fuskokin mutanen gaɓar ina haddacewa: mai tabo a goshi, mai jar riga, mai tawul. Na tambayi wani matuƙi ko yakan ɗauki lokaci haka. Ya ce wani lokaci. Na ce me ke sa shi. Ya ce abubuwa.

"Abba, ina Umma?"

"Tana zuwa, uwata."

"Ruwa ya tafi da ita?"

"A'a."

Aka kira la'asar, mutane suka yi alwala da ruwan gaɓa suka jeru a kan tudu. Na bi sahun ƙarshe, na zaunar da yarinyar a gabana inda goshina zai sauka kusa da ƙafarta. Allah ya yafe mini, kunnena yana wajen ruwa.

Muna sallamewa na ji muryoyin mata. Hancin jirgi ya ɓullo daga kacala, sannan tsohuwar nan, sannan matata. Ta kwance goyon ta dawo da shi gaba, ta rungume shi a ƙirji. Na ƙirga kawuna ba tare da na yi niyya ba, na ga mai cikin ba ta ciki.

Ta sauko zaninta jiƙe har gwiwa. Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa ta kama yarinyar tana shafa kanta da hannayenta da ƙafafunta kamar mai duba kaya. Sai da ta gama ta miƙe.

"Mai cikin nan naƙuda ta kama ta a hanya. Aka karkata aka kai ta wani ƙauye da ke kan tudu, ruwa ya kewaye su. Sai da muka kama ta muka kai ta har ɗaki."

Tsohuwar ta sauko bayanta tana dogara sanda, ta tsaya a gabana.

"Kai ne mijin wannan? To ka ji. Na ce ta ba ni yaron in riƙe mata ta kama 'yar'uwarta da hannu biyu, ta hana ni. Sau uku ina miƙa hannu. Da hannu ɗaya ta yi aikin. Ni da na yi jika da tattaɓa-kunne, ɗan Katsinawa zan sata in kai ina?"

Matata ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Iya."

"Na yi. Allah ya raya." Ta taɓa ƙafar jaririn da yatsa ɗaya, ta wuce tana mita.

Aka loda kaya. Mai tawul ya buɗe mini ƙofar gaba, na ce a baya zan zauna. Muka matsu mu huɗu a kujera ɗaya, katifa na danna mana ƙeya. Burjin ya fitar da mu kan kwalta, motoci suka fara tahowa daga gaba, wayata ta yi ƙara saƙonni suna shigowa. Rana ta yi ja a kan fadama lokacin da muka fara ganin gine-ginen Haɗeja da 'yan adaidaita sahu.

Direban ya dubi madubi. "Malam, wace unguwa za a kai ku?"

Na ce ya sauke mu a bakin kasuwa, daga nan za mu san yadda za mu yi.

"Da katifa da keken ɗinki? Ba gida aka kama muku ba?"

Na ce bakin kasuwa ya isa.

Matata ta juyo ta dube ni. Idanunta sun yi ja don gajiya, jaririn yana barci a cinyarta, yarinyar ta kwanta a kafaɗarta.

"Malam," ta ce, "faɗa masa unguwar. Buhun masarar nan ba ni zan ɗauka a ka ba."

Na faɗa masa.